Shekara bakwai yaro yana Ingilishi, vokal ɗin minti ɗaya ya gagare shi

Ranar Alhamis da ta wuce na biya ta shagon yayana a Kasuwar Dole ta nan Damagaram, shi kayan moto yake saidawa, su taya da sarƙa da buji da birki. Muna zaune muna shan shayi sai ga vokal ya shigo masa a WhatsApp daga Nnewi, can ƙasar Ibo inda yake sayo kaya. Mutumin da suka saba hulɗa da shi yana jin Hausa, amma ranar yaron shagonsa ne ya turo, kuma da Ingilishi. Yaya bai ko dubi inda nake ba, ya ƙwala wa ɗansa kira, wanda ya samu BAK, jarrabawar gama sakandare, bara, ya miƙa masa salula da fara'a irin ta uban da ya san kuɗin lakwal ɗin da ya biya ba su faɗi ƙasa banza ba, ya ce, "Zo ka faɗa mana me mutumin nan yake cewa."

Yaron ya saurara, ya sake, ya kanga salular a kunne ya sake, har sau huɗu. Can sai ya ce, "Baba, ka ce masa ya rubuto."

Vokal ɗin fa bai cika minti ɗaya ba, kuma ba wani abu ne a ciki ba, kaya sun taso, mota za ta kwana a Kano, ga cikon kuɗin da ya rage. Da aka rubuto, nan take yaron ya fassara ba kuskure ko ɗaya. Sai Yaya ya juyo ya ce mini, "Mushe, wai wannan Ingilishin naku na kurame ne ko na bebaye?"

Ban ba shi amsa ba. Ni ma malamin Ingilishi ne, shekara 16 ina riƙe da alli a CEG, wato kwalej, ƙaramar sakandare, kuma na san yaron nan ba daƙiƙi ba ne. Daga sizyam zuwa tarminal, ajin farko na sakandare zuwa na ƙarshe, shekara bakwai ke nan yana zaune gaban malaman Ingilishi, ya iya jera irregular verbs kamar karatun allo, amma kunnensa bai taɓa jin harshen daga bakin kowa ba in ba malaminsa ba, shi ma malamin rabin awar da Faransanci yake cinye ta.

To ga inda na tsaya, tun kafin in yi nisa. Wajibi ne mu malaman Ingilishi na Damagaram mu zauna mu koyi aiki da kayan intanet, kuma abin da za mu nema a cikinsu ɗaya ne, murya. Yaro ya ji Ingilishi, yaro ya furta Ingilishi. Ba kwamfuta muke jira ba, ba wani purojekta ba, salular da ke cikin aljihun kowane ɗayanmu ta isa a fara, kuma wanda zai fara zama ɗalibi a wannan karatun shi ne malamin kansa.

Kuma maganar ta wuce son raina ni mai koyar da darasin. Tun watan Maris na 2025 kundin da aka yi na sake gina ƙasarmu Nijar ya ce Hausa ce harshen ƙasa, harsunan aiki kuwa Ingilishi da Faransanci. Ko da ba a rubuta haka ba ma, mu nan Kano ba ta kai mana kilomita 250 ba, Yamai kuwa kusan 900. Yaranmu suna tafiya karatu Najeriya da Gana, 'yan kasuwarmu suna hulɗa da Dubai da Guanzu, ga matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011 a nan arewa da mu tare da 'yan Sin. Duk inda ka juya wani zai yi maka magana ne da baki, ba zai rubuto maka a tablo ba.

"Ina wuta, ina rezo, wa zai biya forfe?"

Wannan ita ce maganar farko da ake tare ni da ita a dakin malamai, kuma gaskiya ce, ba na musu. Mun ga abin da ya faru a Agustan 2023 da aka yanke layin da ke kawo mana wuta daga Najeriya, mutum ya yini yana yawo da salula a hannu yana neman inda zai yi caji. Ko yanzu lokacin zafi kowa ya san yadda ake. Malamin kwantiragi da ke jiran ɗan abin da zai shigo ƙarshen wata ba za ka ce masa ya zuba kuɗin cefane a forfe, wato sayen megan intanet, ba.

Amma mu bambance abu biyu. Akwai kayan da sai kana kan intanet kai da yaran gaba ɗaya za su yi aiki, irin su Zoom, wanda awa ɗaya ta bidiyo za ta lashe maka ɗaruruwan mega, na kyautar ma bayan minti 40 yake tsinkewa. Ko Kahoot, wasan tambaya da amsa, wanda sai kowane yaro yana da tasa salular a hannu. Waɗannan an yi su ne don wasu wuraren, ni ban ce kowa ya wahalar da kansa a kansu ba. Lokacin korona a 2020, da aka rufe makarantu daga Maris zuwa farkon Yuni, an yi ta kiran karatu daga nesa, mu da ke ƙasa mun san yara nawa abin ya kai wa.

Akwai kuma kayan da sau ɗaya za ka sauke su, shi ke nan sun zama naka. Shirin BBC na 6 Minute English minti shida ne, ana sauke muryar, ana sauke rubutun abin da aka faɗa. Shafin British Council na matasa yana da darussan saurare an jera su mataki-mataki tun daga na ɗan koyo, kowanne da takardar tambayoyinsa. Muryar Amurka tun 1959 ta fara wani irin Ingilishi da ake karantawa sannu-sannu da kalmomi kusan 1,500 kacal, tsofaffin darussan nan ba su tsufa ba. Murya ba ta da nauyi kamar bidiyo, vokal na minti ɗaya ko mega ɗaya bai kai ba. Da forfen dala ɗari, in ka dace da rezo da daddare, za ka sauke abin da zai ishe ka wata guda, ka zuba a memori, gobe ka tura wa abokin aikinka ta Bluetooth ko Xender ba tare da ko ɗayanku ya kashe tamma ba.

Yadda waƙoƙi da wa'azi da finafinai suke zaga garin nan daga salula zuwa salula, daga Birni zuwa Zango zuwa Garin Malam har su kai ƙauyukan Mirya da Matamai inda rezon ma sai an hau tudu, ai hanyar ke nan. Ba sabuwar hanya za mu sara ba, darasi kawai za mu ɗora a kanta.

Ni abin da na saya ɗaya ne, ɗan bafil, wato lasifika, mai caji, jika shida. Aji na ƙarshe da na riƙe yara 84 ne, ina ajiye shi a tsakiyar aji bisa tebur, har na bencin baya yana ji.

Abin da ba mu faɗa a fili

Ga wata magana da na fi so mu tsaya a kanta, don ina ganin ita ce ainihin ciwon, wuta da rezo mayafi ne kawai.

Wani babban malami da nake girmamawa, ya riga ni fara aiki da kusan shekara goma sha biyar, ya ce mini, "Ƙanena, mu mun tsufa da wannan, ku yara ku yi." Na ce masa, "Yaya, ai jiya na gan ka ka tura wa iyali kuɗi ta salula, kuma kai ne kake turo mana vokal ɗin ɗaurin aure da na ta'aziyya a gurup. Wanda ya iya wannan ya gama iya abin da nake magana a kai." Ya yi dariya, ya yi shiru, can da muka rage mu biyu sai ya ce, "In na kunna Bature yana magana, yara suka ji ba haka nake faɗa ba fa?"

Wallahi na ji maganar nan har cikin raina, don tsoron nan yana cikin yawancinmu. Mu fa a takarda muka koyi Ingilishi, daga malaman da su ma a takarda suka koya. Harshe biyu ne suke jan bakinmu. Hausa tana sa mu haɗa p da f, har pan da fan su zama abu ɗaya, ta sa v ta koma b. Faransanci kuma yana sa mu haɗiye h, mu mai da th ta zama z ko s, mu kai nauyin kalma ƙarshenta. Mutum zai yi shekara ashirin yana faɗin wata kalma yadda ya gan ta a rubuce, ba wanda ya taɓa gyara masa, ya koya wa yara dubu haka. Ba laifinsa ba ne, ba a taɓa ba shi inda zai ji ba.

Amma yanzu akwai inda zai ji, kuma ba wanda zai gan shi. Ƙamus ɗin Cambridge da na Oxford suna kan intanet kyauta, kowace kalma da ɗan hoton lasifika a gefenta, ka danna ka ji yadda ɗan Ingila yake faɗi, ka danna ɗayan ka ji na ɗan Amurka. Kafin in shiga aji, kalmomin darasin gobe nake bi ɗaya bayan ɗaya da daddare, minti goma. In magana ta yi mini sauri a YouTube sai in rage gudunta zuwa 0.75, in saurara, in maimaita da bakina, in ɗauki muryata in kwatanta. A ɗakina, ƙofa a rufe. Gemu ba ya hana ilimi, balle ilimin da ba sai ka durƙusa gaban kowa ba.

Game da yara kuwa, ga abin da na gani da idona. Ranar da na tsaya gaban aji na ce musu kalmar nan da na koya muku makon jiya, na je na saurara, ga yadda masu harshen suke faɗinta, mu gyara tare, ba wanda ya raina ni. Washegari ma wata yarinya ta zo da kalma uku a rubuce a bayan kaye ɗinta ta ce, "Mushe, a duba mana waɗannan ma." Yaro ba ya raina malamin da ke neman sani. Wanda yake rainawa shi ne wanda zai je jami'a ko ya tsallaka boda ya tarar duk abin da aka ɗora masa ba wanda ke ganewa.

Kuma kada mu ɗauka burin shi ne yaro ya koma magana kamar ɗan Landan. A'a. Ɗan yayana ba Bature ne ya gagare shi ba, ɗan Nnewi ne. Wanda yaranmu za su haɗu da shi likita ne ɗan Indiya, injiniya ɗan Sin, malami ɗan Gana, kowa da irin bakinsa. Shi ya sa nake haɗa musu muryoyi iri-iri, har labaran rediyon Najeriya na Ingilishi nakan ɗauka in kawo aji. Kunne ake so ya buɗe.

"Salula ce ke lalata mana yara"

Wannan ta iyaye ce, kuma ni uba ne, ina da 'ya mace a kwalej, ba zan yi wasa da maganar ba. Mun san abin da ke yawo a TikTok, mun san yadda yaro zai ce yana bita alhali wani abin yake kallo. Akwai kuma wadda ta fi wannan nauyi, wadda ba a cika faɗi ba, malami namiji ya samu lambar ɗalibarsa da sunan darasi, daga nan a shiga abin da bai kamata ba. Duk uban da ya ce bai yarda ba, ni ba zan ga laifinsa ba.

Shi ya sa na ce a fara da salular malami, a cikin aji, da rana tsaka. Wannan ba ya buƙatar ko yaro ɗaya ya mallaki komai, ɗan mai kuɗi da ɗan mai turin ruwa kunne ɗaya suke saurare da shi. Ko aji na zana ne bafil zai yi aiki.

In za a wuce nan a buɗe gurup, to da sharaɗi. Ni nawa gurup ɗin lambobin iyaye ne ko yayye a ciki, ba na yara ba, darakta yana ciki, shugaban iyayen yara yana ciki, akwai malama mace. Ba na amsa wa ɗalibi ko ɗaliba ta bayan fage, duk abin da za a faɗa a faɗe shi a gaban kowa. Ran Juma'a nake tura vokal ɗaya da tambaya uku, yaro ya ari salular gida minti biyar ya saurara ya amsa da bakinsa. Wanda babu salula a gidansu yana haɗuwa da maƙwabcinsa su yi tare, kuma ba na ba da maki a kan wannan aikin, don kada rashin abin hannun uba ya zama sifili a takardar ɗa.

Ba duka suke yi ba, kada in yi muku ƙarya, wani satin rabin aji, wani satin ko haka ba a kai ba. Amma abin da ya ba ni mamaki su wa ke yi. 'Yan matan da shekara guda ban ji muryarsu a aji ba, don kunyar samarin da za su kwashe da dariya, su ne suke turo vokal mafi tsawo. A gida ta goge ta sake sau biyar ba mai ganinta, sai ta gamsu sannan ta turo. Wata uwa ta tare ni a bakin lakwal ta ce, "Mushe, ni ban san me take faɗa ba, amma kullum sai na sa ta sake mini in ji."

"Jarrabawa ai rubutu ce, ga purogiram ba mu gama ba"

Haka ne, BEPC ta gama kwalej da BAK alƙalami ne ya fi yawa a cikinsu, kuma insifekta in ya zo shafin da ka kai zai duba. Ni minti goma nake cira a farkon darasi, ba kullum ba ma, sau biyu a sati. Kuma ban ga ya rage wa yara komai a rubutu ba. Yaron da ya ji I am fifteen sau talatin daga bakuna daban-daban ya daina rubuta mini I have fifteen years, kuskuren da Faransanci da Hausa suka haɗu suka dasa masa, don mu ma "ina da shekara goma sha biyar" muke cewa. Na yi shekaru ina jan layi da jan bik a ƙarƙashin wannan kuskuren bai fita ba, kunne ya fitar da shi.

Su ChatGPT da Google Translate

Nan kam abokan aikina suna da hujja babba. Ka ba da dabuwar a rubuta layi goma a kan garinku, gobe a kawo maka Ingilishin da kai kanka sai ka buɗe ƙamus, kuma yara shida kalma ɗaya. Google Translate tun 2013 yake da Hausa, ChatGPT ya fito ƙarshen 2022, ba jiya abin ya fara ba, kuma ba inda za shi. Ko mun koya ko ba mu koya ba, yaran sun riga sun koya.

To malamin da bai taɓa buɗe abin ba, ta yaya zai gane aikinsa in an kawo masa? Sai ya ba da 18 bisa 20 yana murna. Wanda ya san shi kuwa da ganin layin farko ya gane, kuma ya san maganinsa, ya ce wa yaro rufe kaye, faɗa mini da bakinka abin da ka rubuta. Aikin baki ba a kwafarsa. Rubutu kuma a dawo da shi cikin aji, a gabana.

Sannan abin yana da amfanin da ni ban zata ba. Littattafanmu kaɗan ne, wani benci yara huɗu littafi ɗaya, kuma labaran ciki yara sun haddace su tun daga yayyensu. Yanzu nakan ce wa na'urar ta rubuta mini hira ta layi takwas tsakanin mai saye da mai saida tumatir, da kalmomin ɗan sizyam, ko tsakanin ɗan kabu-kabu da fasinja suna cinikin kuɗin zuwa tasha. Cikin daƙiƙa ta kawo, ni kuma in zauna in gyara, in cire abin da ba namu ba, in sa sefa inda ta sa dalar Amurka, in sa kilishi inda ta sa abincin da yaran ba su taɓa gani ba. Amma fa a kiyaye, abin nan yana ƙarya ido a bushe. Na taɓa tambayarsa tarihin Damagaram ya haɗo mini sunayen sarakunan da ba a taɓa yi ba, ya cakuɗa shekaru, da ban san zamanin Tanimun da na Amadu Kuran Daga ba da na kai wa yara shirme. Harshe za ka nema a wurinsa, ba gaskiyar labari ba, kuma sanin wannan bambancin shi kansa sai an koya.

Af, tunda an zo maganar Hausa. Ni ban ga dalilin da zai sa in bi ta Faransanci in bayyana wa yaro kalmar da tuni tana bakinsa ba. Bokiti, tebur, direba, birki, taya, tocila, duk daga Ingilishi suka shigo mana. Ranar da na kunna musu bucket suka ji, ajin gaba ɗaya ya ɗauki "bokiti!" da ihu. Yaron Damagaram yana zuwa aji da jarin Ingilishin da bai san yana da shi ba, mu ne muke sa shi ya ajiye shi a bakin ƙofa.

Irin horon da ake mana

Yanzu bari in juya ga masu shirya mana formasiyo, don su ma da nasu kason. Na halarci irinsu ba ɗaya ba ba biyu ba. Kwana biyu a babban ɗaki mai sanyi, ga wifi, ga purojekta, wani ya zo daga nesa ya nuna mana manhaja goma sha biyu a jere, kowace da sunanta mai daɗi, a sa mu buɗe akawun, a ɗauki hoto, a raba pardiyem, a watse. Ran Litinin ka koma ajinka ba soket ko ɗaya a bango, kalmar sirrin ma ka manta ta. Bayan wata uku ka tambayi mutum ashirin da suka je wa ke aiki da abin da aka nuna, sai kowa ya sunkuyar da kai. Daga nan sai a ce malamai ba sa son ci gaba.

Ba haka ba ne. An koya mana tuƙin mota ne alhali moto muke da shi.

Abin da malami yake buƙata ƙanana ne, kuma a jere suke. Ya iya nemo muryar da ta dace da matakin ajinsa, ya iya sauke ta ya san inda ta shiga cikin salular, don wallahi da yawa nan suke maƙalewa, sun sauke amma sun rasa inda take. Ya iya yanke minti ɗaya daga cikin shida. Sai babban cikinsu, wanda ba na fasaha ba ne ma, ya san me zai yi da muryar a gaban yara tamanin. Don in ka kunna kawai ka koma ka zauna, hayaniya za ka girba. Sai ka rubuta kalma huɗu a tablo tukuna, ka ba su tambaya ɗaya tak mai sauƙi, mutum nawa ke magana, a ina suke, ka kunna. Ka ƙara tambaya, ka sake kunnawa. A na uku ka riƙa tsayarwa layi-layi suna maimaitawa, layin dama su zama mai saye, na hagu mai sayarwa. Sai a ƙarshe su ga rubutun. In ka ba su rubutun tun farko ka koma gidan jiya, ido zai yi aikin kunne ya kwanta.

Wannan ba a koyonsa a otal. Malami ne zai nuna wa malami, a cikin aji na gaske, da yara na gaske, da salular da za a yi aikin da ita. Muna da taron UP da muke yi mu malaman darasi ɗaya, sau da yawa a kan rabon jarrabawa da cike takardu yake ƙarewa. A ware awa ɗaya a ciki mana. Masu ba mu shawara kan koyarwa su zo su zauna a bencin baya su ga yadda ake yi, su kai wa na Magarya da Gure da Tanut. Jami'ar André Salifou tana nan cikin gari, ɗaliban da suka fi mu sanin salula suna nan birjik, a haɗa su da tsofaffin malamai, wannan ya kawo yatsa wannan ya kawo sanin aji. Kuɗin formasiyo ɗaya na otal zai sayi bafil da memori da ɗan fano na caji ga makarantu da dama. In hukuma za ta yi mana abu ɗaya, to ta tattara muryoyin da suka dace da purogiram ɗin kowane aji a memori guda, ta raba lokacin komawa hutu, yadda ake raba alli.

Amma ni ba zan jira wannan ba, kuma ina roƙon 'yan'uwana malamai kada su jira. Mu biyar ne yanzu daga makarantu uku, muna haɗuwa ran Asabar bayan la'asar ƙarƙashin dalbejiyar lakwal ɗinmu, kowa ya zo da abu ɗaya da ya gwada a sati, wanda ya yi da wanda ya watse. Babban malamin nan da ya ce ya tsufa ya zo sau biyu. Zuwan farko bai ce komai ba. Na biyu ya zo da memori a nannaɗe cikin takarda ya ce in zuba masa na turwazyam, ajin ƙarshe na kwalej.

Ɗan yayana kuwa na ce ya riƙa zuwa gida bayan isha'i, muna sauraren minti shida tare, shi da 'yata. Shekaranjiya wani vokal ya sake shigowa daga Nnewi, ya saurara sau biyu ya ce wa ubansa katan hamsin ne suka taso. Yaya ya zaro ido, don shi goma sha biyar ya yi oda. Muka sake kunnawa, fifteen mutumin ya ce, ba fifty ba. Su biyun nan za mu yi a daren yau, da thirteen da thirty har zuwa nineteen da ninety, ran Litinin kuma in kai wa 'yan sizyam.